Kwalbar Mijinki da Ƙodar Baba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya Inna da yara, ya jikin Baba? Ni lafiya lau, sai ƙafa da ke kumburi don tsayuwa. Kar Inna ta ji.

Wai mijinki ya hana Baba allurar suga, ya ba shi kwalbar "mai wanke tsatsar jiki"? Yaushe dillalin takalma ya zama likita? A ɗakin wankin ƙoda inda nake tura marasa lafiya a keke, likita ta ce suga kan ƙona 'yan injinan da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin ƙoda har garkuwarsu ta gaji. Kwalba ba za ta tashe su ba.

Ki mayar da Baba kan allura yau. In gogan ya yi gardama, ya shirya ba Baba ƙoda ɗaya. Nan za ki ga baki ya mutu.

Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙaninki