Wanda Ya Juya Mini Feda

Zuwa ga mahaifina, Malam Mamman masaƙi na Madarunfa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗa ga ubansa, da roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, na rubuto ne a kan gitar nan. Na san ka san wadda nake nufi.

Baba, ka tuna shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, Baturen nan mai aikin rijiyoyi na furoje, wato shirin agaji, ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar mini ita don ina ɗan taɓa kiɗa a bukukuwa. Ba irin wadda ake rataya a wuya ba ce. A kwance take kan ƙafa huɗu kamar tebur, tsirkiya goma, ana goga mata guntun ƙarfe da hannun hagu, a ƙasa kuma feda uku ne da ake takawa su ja tsirkiya murya ta tashi. Ya nuna mini sau ɗaya: ka ɗora ƙafar hagu kan ta farko da ta biyu, ka riƙa karkata ta daga wannan zuwa waccan. Washegari mota ta ɗauke shi.

Wata biyu ina fama, abin ya ƙi. Idon sawuna na hagu, wanda ya karye da na faɗo daga amalanke a hanyar Safo, ba ya karkata ta ɓangaren da ake so. Ni na ma manta da karayar. Kai ba ka manta ba.

Ba ka son kiɗa, amma ba ka taɓa hana ni ba. Wata rana da hantsi ka baro masaƙarka ka tsaya a ƙofar ɗakina. Ba hannuna kake kallo ba, ƙafata kake kallo. Ka ce in tashi. Ka kifa gitar a kan tabarma, ka bi sandunan ƙarfen da ke haɗa feda da tsirkiya ɗaya-ɗaya da yatsa yadda kake bin zare in ya harɗe. Kafin azahar ka kwance su, ka mai da fedar farko ƙarshe, ta ƙarshe ta dawo farko. Ka ɗaura wa kowace zare mai launinta, baƙi, fari, ja, don kada in ruɗe. Abin da ka ce ke nan: "Shekara arba'in ina taka itacen masaƙa. Ƙafa ba a yi mata dole, kayan ake gyara mata."

A ranar gitar ta yi magana a hannuna.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da labari ya kai Maradi, wani shugaban ƴan kiɗa ya zo da mutanensa biyu su ji ni, ko su ɗauke ni. Ya taɓa ganin irinta a Yamai. Ya leƙa ƙasa, ya ga zare, ya taka feda, ya fashe da dariya. Ya tambaya wane gwani ne ya juya mini su baibai, ya kuma yi musu ado kamar akuyar talla.

Kana zaune a zaure, taku biyar tsakaninmu, ƙoshiyar saƙa a hannunka. Na ce wani tsoho ne ya yi mini karambani, bai san komai ba sai saƙa. Na zaro reza na yanke zaren a gabansu.

Wallahi na ji lokacin da masaƙarka ta tsaya. Sai can ta ci gaba. Har baƙin suka tafi ba ka ɗaga kai ba. Kai ne ma ka sa aka kawo musu fura.

Na mai da fedar yadda Bature ya bar ta. Ƙafata ta kumbura, kiɗan ya lalace, mutanen Maradi ba su sake waiwayata ba. Kana jin ina kuskure ta bango kullum, amma ba ka sake tsayawa a ƙofar ɗakina ba. Ni kuma girman kai ya hana ni tsugunawa gabanka. Kullum sai in ce gobe, har damina ta zo da zazzaɓin da ya tafi da kai.

Bayan arba'in ɗinka na sami wani ɗan littafi a ƙasan akwatin gitar. Na kai wa mushe, wato malamin da ke koyar da Ingilishi a kwaleji, ya karanta mini. Ashe jerin feda iri biyu ne a duniya, Baba. Akwai na Bature, akwai naka, kuma manyan makaɗa da yawa naka suke takawa. Littafin ya ce mai koyo ya duba ta inda ƙafarsa ta fi karkata, ya zaɓa. Abin da ka gani daga bakin ƙofa ke nan. A gaban mushe na yi kuka, kunya ta hana ni gaya masa dalili.

Na mai da fedar yadda ka jera ta. Zaren na ɗebo daga ragowar wanda ka bari a masaƙa, sai dai ɗaurina bai kai naka kyau ba.

An yi mini tambaya a gabanka na ba da amsar banza, to yau zan sake amsawa kowa ya ji. Wanda ya juya mini feda babana ne, Mamman masaƙi, kuma daidai ya yi.

Ka yafe mini, Baba. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka makwanci, ya haɗa mu a inda zan iya faɗa maka wannan da bakina.

Ɗanka mai jin kunyarka,
Sanusi.