Zoben Malam

Daren Alhamis, Zaitawa, shekarar da soja suka koma bariki

Hannuna ya fara sacewa. Likita ya ce ƙwayar nan tana kashe ciwo ta sauke kumburi, amma sai an ci abinci, in ba haka ba ta ɓata ciki. Dole na ajiye azumin Alhamis.

Zoben da marigayi Malam ya ba ni ya nutse a yatsa. Jikana Sani ya ce, "Hajiya, in bai fita gobe ba, maƙeri zai yanke shi." Na ce, "Angona, har yanzu kishin kakanka kake?" Na yi dariya, amma ba na so a yanke shi.

Ɗazu na murza da sabulu, ya zame ya fito lafiya. Ba zoben, yatsan duk ya zame mini baƙo.