Wa Yake Shan Wutar Saman Rufi?

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ba direba wannan takarda ne don ba na son magana a waya. Babanki ya ce kunnensa ya yi nauyi, amma in ana zancensa ko daga bayan gida yana ji.

Mai sola da kika turo ya zo ya gama. Ya jera farantai huɗu a saman rufin siminti, inda muke hawa ta matakala. Ya kafa akwati mai ƙyafta ido a falo, ya ajiye batir biyu a ƙasa. An huta da hayaƙin janareta, na gode. Amma Auta, mutumin nan dariyarsa ta yi yawa. Kuma ya leƙa firji ba a sa shi ba, ya ga allurar sugan Babanki, ya ce, "Mama, wannan ba za ta sake jin zafi ba." To kwana uku ke nan ina tashi da safe in tarar firjin a mace, ruwa yana ɗiga. Anya ba tsohon batir ya shafa wa fenti ba?

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na koya. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.

Umma,

Ina gaishe ki da Baba. Rubutunki ya fi na likitocin asibitinmu karantuwa, ki daina ba da haƙuri.

Batir sabo ne, da idona na gani kafin a ɗauko. Abin da ya ɗaure min kai daban ne. Kullum daga ƙarfe goma na safe zuwa ɗaya, lokacin da rana ta fi ƙarfi, wutar da farantan ke bayarwa tana faɗuwa kusan babu. Shi ya sa batir ba ya cika, firji yake mutuwa kafin gari ya waye. Umma, allurar nan in ta sha zafi ƙarfinta raguwa yake. Akwai abin da ke yi wa farantan inuwa? Ki hau ki duba min.

Taki, Auta.

Auta,

Ina gaisuwa. Tambaya ɗaya nake da ita. Kina can, tafiyar yini guda, ya aka yi kika san abin da ke faruwa a rufina ƙarfe goma? Wa kika ajiye yake kai miki rahoto? In matar maƙwabcinmu mai walda ce, ki faɗa min. Jiya ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa, "Maƙwabciya, an zama manya, rana ma ta zama 'yar aikinku." Na ce mata, "Ai kyauta take yi, ke ma ki ɗauke ta." Ta yi dariya, idonta yana saman rufina.

Ni mijinta nake zargi. Mutumin da ke wasa da wuta tun safe, jan waya ta bayan katanga zai yi masa wuya? Ko kuwa akwatin nan na falo ne yake kallonmu? Na rufe shi da ɗankwali, Babanki ya cire, ya ce zai yi zafi.

Babu wata inuwa. Babanki lafiya lau. Kada ki sake tambaya.

Mahaifiyarki.

Umma,

Gaisuwa da ban girma. Babu ɗan rahoto. Akwatin ba shi da ido, lissafin wuta kawai yake turowa wayata, ko tarinki ba ya ji. Mai walda kuma ba zai iya satar rana kafin ta shiga faranti ba.

Na yi magana da mai sola. Ya ce ranar Talata zai zo da sassafe, ya zauna a rufin har azahar ya ga komai da idonsa. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni: ban tambaye ki lafiyar Baba ba, ke kika amsa.

Taki, Auta.

Auta,

Kada ya zo. Ki karanta wannan ke kaɗai, sannan ki yaga.

Ni ce inuwar.

Wata guda ke nan Babanki yana jiƙa shimfiɗa. Ba kullum ba da farko, yanzu kusan kullum. Mutumin da ya yi shekara talatin yana hedimasta, wanda har yau ba ya fita sai rigarsa ta sha guga. Da safe sai ya tashi ya zauna a kujera ya buɗe jarida a gaban fuskarsa, ni kuma in naɗe zanin gado kamar ban ga komai ba. Ba mu taɓa yin zancen ba.

In na shanya a tsakar gida, matar mai walda tana ƙirgawa ta taga. Zanin gado biyu kowace safiya a gidan da babu jariri, me za ta ce? A rufi katanga ta kare ni. Da mai sola ya kawo farantai, sai na ga sun fi ko'ina zafi da tsafta, ina shimfiɗawa a kai su bushe kafin azahar. Na ɗauka zafin rana suke sha, zafi kuwa yana ratsa zani. Daga baya zuciyata ta faɗa min gaskiya, amma na fi son ya zama mai walda ne.

Yanzu ki faɗa min, ke da kike aikin asibiti: ni na lalata masa allura?

Mahaifiyarki.

Umma,

Na yaga. Na ce wa mai sola ya bari.

Haske farantan ke sha, ba zafi ba. Suga in ya hau yana kawo yawan fitsari, allura mara ƙarfi kuma tana barinsa ya hau. Mai yiwuwa gyaran ya fi sauƙi a kan yadda kike tsoro. Ki daina amfani da ta firjin. Direba zai kawo miki sabuwa cikin ƙanƙara, da ledar katifa, da igiya. Ki sa a ɗaura igiyar ƙasa da katanga, ta bayan farantan. Ranar Asabar zan zo in kai Baba likita, zan ce hutu na samu.

Ba ki lalata komai ba, Umma. Rufa masa asiri kika yi.

Taki, Auta.

Auta,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso. Yau firji ya kwana da sanyinsa.

Na hau rufi da igiyarki, sai na tarar an riga ni. Akwai wata a ɗaure, ƙasa da katanga, nesa da farantan, da irin ƙullin da Babanki yake yi wa tsofaffin jaridunsa. Mutumin da ya ce gwiwarsa ba ta hawa matakala.

Da na sauko yana bayan jarida. Ya ce, "Rana ta yi kyau yau." Na ce, "Ta yi."

Ke kika faɗa masa? Kada ki ba ni amsa. Sai Asabar.

Mahaifiyarki.