Alwalar Baba

Litinin, 6 ga Oktoba
Sati uku ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye. Yau Kawu ya tara mu a falo, ya ce daga yanzu Yaya ya daina taɓa Baba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: shekara biyu da suka wuce Yaya ya faɗa da bakinsa cewa bai yarda akwai Allah ba. Kawu ya ce, "Wanda ba ya tsoron Mahaliccinsa, me zai hana shi wulaƙanta tsoho?" Na gyaɗa kai, don ni ma na sha faɗin haka. An ce ni zan karɓo mabuɗin gidan a hannunsa kafin Jumma'a.

Talata, 7 ga Oktoba
Ban karɓa ba. Gobe.

Laraba, 8 ga Oktoba
Na gwada gyara Baba ni kaɗai, don in saba. Ina ɗaga zanin gado, na ruga banɗaki na yi amai. Ni da ba na rasa sahun gaba a masallaci. Baba ya juya fuska bango, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya shigo, ya naɗe hannun riga. Ina jin sa yana tsokana: "Baba, ka ƙara nauyi fa. Wa ke ba ka nama a ɓoye?"

Alhamis, 9 ga Oktoba
Da azahar na leƙa, na tarar Yaya yana yi wa Baba alwala. Sau uku-uku, bai tsallake komai ba, har tsakanin yatsun ƙafar da ta shanye. Ya juya gadon ya fuskanci alƙibla, ya fito ya tsaya bakin ƙofa har Baba ya idar.
Na ce, "Yaya, wa kake jira ya ba ka lada?"
Ya ce, "Auta, lokacin da yake wanke ni ina jariri, bai tambaye ni me na yarda da shi ba."
Haushi ya kama ni, na bar wurin. Har yanzu ina juya maganar.

Jumma'a, 10 ga Oktoba
Kawu ya gaji da ni. Ya kawo kafinta, aka canza makulli, ya damƙa mini mabuɗi biyu.

Asabar, 11 ga Oktoba
Yaya ya zo da safe, mabuɗinsa ya ƙi shiga. Ina bayan labule ina kallo. Bai buga ƙofa ba, ya ajiye ledar magani a dokin ƙofa ya tafi. Baba ya ƙi cin abinci, idonsa na kan ƙofa wuni guda. Na yi masa alwalar, na jiƙa masa katifa.

Litinin, 13 ga Oktoba
Ban canza ra'ayi ba. Yaya a kan ɓata yake, kuma ko a gabansa zan faɗa. Kawai dai mabuɗi biyu sun yi wa mutum ɗaya yawa, shi ya sa na kai masa ɗaya wurin aikinsa. Na kira Kawu na gaya masa da kaina, ya kashe waya.
Yaya ya zo, ya nuna mini yadda ake ɗaga Baba ba tare da an ja kafaɗar ba. Baba ya ci rabin kwano.
Da la'asar, a sujada, na zo yi wa Yaya addu'ar shiriya kamar kullum, sai na ji bakina ya ce mu biyun.