Zumar da Ka Bari a Ɗakin Inna

Assalamu alaika Malam,

Bayan gaisuwa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da za ta same ka ma dariya za ka yi, ka ce na kwaso salon littattafan soyayyar da nake karantawa har tuwo ya ƙone. Amma maganar nan kai kaɗai zan iya faɗa wa.

Kullum tunanina yana komawa ranar da ka dawo daga Kongolam, bakin iyakar Nijar. Ka jingine babur a zaure, ka shigo kana murmushi, ka ciro wani ɗan kwali daga aljihu. Rubutun jikinsa da Faransanci ne, ni da kai babu mai iya karantawa. Ka ce mai sayar da magani a bakin iyaka ya tabbatar maka ɗaliban can suna shan ƙwayoyin lokacin jarrabawa, barci ya gudu, karatu ya zauna. Musabaƙar Alƙur'ani ta matso, kai kuma duk shekara wuri ɗaya kake tuntuɓe, a ayoyin nan masu kama da juna. Ka ce ba za ka gaya wa kowa ba sai ka gwada a jikinka ka gani.

Ni ka mayar ma'auninka. Bayan La'asar in yi alwala in riƙe Alƙur'ani, kai ka juya baya kana karantawa da ka. Duk inda ka yi kuskure in jefa ƙwallon dabino a cikin kwanon sha. Ranar da ka sha rabin ƙwaya mu duba kwano, ranar da ba ka sha ba mu duba. Daga rabi ka koma guda, daga guda ka koma biyu. Ƙwallayen suka yi ta raguwa, har ranar da ka kai ƙarshen karatu kwanon bai yi ƙara ba ko sau ɗaya. Ka tuna yadda na yi guɗa a hankali don kada mahaifiyarka Inna ta ji daga ɗakinta?

Daga nan ka ari turmin yajina ka daka sauran ƙwayoyin, ka zuba a kwalbar zumarka mai habbatus sauda da zabibi. Ka ce malamin Islamiyya bai kamata a gan shi yana ɓare ƙwaya ba, a garin da kalmar nan ke nufin samarin da 'yan Hisba ke kamawa a kango. Ka sa na yi maka alkawari. Na yi, ina jin daɗi, don a littattafai mace mai sa'a ce ke riƙe sirrin mijinta.

Malam, na ga hannunka yana rawa idan ka ɗauki kofi. Na ga tuwo yana komawa yadda na kawo shi. Na ga ka daka wa ɗalibanka tsawa, kai da ba ka taɓa ɗaga murya ba. Wata rana da zafin rana na kwantar da kaina a ƙirjinka, na ji zuciyarka tana gudu kamar an koro ta. Ka san abin da na zata? A duk littafin da na karanta, idan zuciyar namiji ta buga haka to so ne. Na yi murmushi na ƙara lafewa. A lokacin ni tuni na gan mu a jirgin Makka, kai da kyautarka, ni da sabon mayafi.

Ka zo na ɗaya a Daura. Saura kwanaki ka tafi Katsina musabaƙar jiha, sai ka faɗi a bakin rijiya kana alwalar Azahar, buta a hannunka. Kafin Magariba an kai ka makwancinka. Duk wanda ya zo gaisuwa cewa yake baki ne, an yi ta yabon haddarka ba a cewa masha Allah. Ni ban sani ba. Kwananka ne ya ƙare, wannan na yarda. Amma zumar fa? Wa zan tambaya? Kwalin ma ka ƙone shi da hannunka.

Gida lafiya. Tunkiyarka ta haifi biyu. Ƙaninka Sale ne ke hawan babur, ya riga ya fasa madubi ɗaya. Ɗalibanka suna zuwa duk Juma'a su gaida Inna, su yi maka addu'a a zaure. Littattafan nan da nake ara na mayar, na buɗe ɗaya na kasa wuce shafin farko.

Ga labarin da ban samu na ba ka ba: ina da ciki. Ina jiran ka dawo daga Katsina ne in faɗa maka, in haɗa maka farin ciki biyu, kamar yadda ake yi a ƙarshen littafi. Yanzu takabata sai na haihu, ina nan gidanku ba fita.

Inna ta ɗauke kwalbar ta ajiye a ɗakinta. Ta ce albarkar haddarka tana ciki, kuma jikanta ne zai gaje ta tun daga ciki. Kowace safiya takan kawo mini cokali guda da bismillah. Ranar farko kunya ta sa na haɗiye, na wuni ƙirjina yana duka irin wanda na ji a naka. Tun daga nan nake riƙewa a baki, in ta juya in tofar a gindin dalbejiya. Jiya ta ga tururuwa sun yi baƙi a wurin. Ta daɗe a tsaye tana kallo. Yau da ta kawo cokalin sai ta ja kujera ta zauna. Na ce zuciyata ke tashi, ta ce za ta jira gobe.

Me zan yi, Malam? In na yi shiru ta ɗauka na raina ta, ko ina ƙyamar abin da ka bari. In na faɗa, na ɗauke mata abu ɗaya da take riƙe da shi, ɗanta mahaddaci da baki ya kashe. Magana kuma ba ta kwana a gida ɗaya. Za ta kai zaure, ta kai Islamiyya, wata rana a nuna ɗanka a ce ga ɗan malamin nan mai ƙwaya. Kai da za ka yi bayani ba ka nan. Me ya sa ka bar ni da alkawari, ba ka bar ni da sunan maganin ba?

Ban taɓa kiran sunanka ba, kuma kalmomin da matan littafi ke faɗa wa mazajensu ban taɓa iya faɗa maka ba. Ina son ka. Ka yafe mini alkawarin nan. Gobe idan Inna ta zo da cokali ba zan sha ba, zan gaya mata abin da ka daka a cikin zumar.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sa Alƙur'anin da ka wahala a kansa ya cece ka.

Matarka, mai riƙe maka kwano,
Asma'u