Bangon ɗakin Mma Awabu

Asabar, 12 Afrilu 1986

Kaka, ka yafe mini. Da kana raye da ba ka so a rubuta maganar gidanka a takarda ba, balle yarinya ce ta rubuta. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa, kuma ba mai karantawa sai ni.

Baffa Ishawu yana karatun dillancin gidaje, ana aiko masa da darussa ta gidan waya. Ya ce in ya samu lasisi ya daina yawo a lungunan Nima yana nuna wa mutane ɗakuna kamar ɗan aike. Turancinsa na kasuwar Agege ne, tun da aka koro su daga Legas bai ƙaru ba. Don haka bayan la'asar nake karanta masa, ina mayarwa da Hausa. Yana kira na lauyar gida. Ina jin daɗi, wannan ma in faɗa.

Laraba, 16 Afrilu

Darasin yau: duk abin da aka kafa a ƙasa na mai ƙasar ne. Baffa ya sa na maimaita, sannan ya juya ya kalli ɗakin Mma Awabu.

Kai ka ba ta wurin, tun ba a haife ni ba. Ta kawo goro, ka kira shaidu, ta gina ɗakin ƙasa da cinikin koko da ƙosai. Ba a rubuta komai ba. Baffa kuwa ya daɗe yana son wurin, ya yi ginin bulo, don 'ya'yansa a baranda suke kwana.

Raina bai so kallon nan ba. Na yi ta buɗe shafuka har na samo inda aka yi bayanin izini irin na gargajiya: wanda mai ƙasa ya yarda ya gina da ƙarfinsa, yana da ikon zama muddin ginin yana tsaye. Da murna na karanta. Na ɗauka na cece ta.

Sai Baffa ya ce, "In ya faɗi fa?"

Na ce, "Izini ya ƙare."

Da sauri na amsa, kamar a aji, ina jiran a ce na yi daidai.

Lahadi, 20 Afrilu

Ban iya karyawa da kokon Mma Awabu ba yau. Na ce cikina ne.

Juma'a, 2 Mayu

Kowace shekara kafin ruwa ya kankama, Mma Awabu takan sayi jar ƙasa, matan gida su taya ta yaɓe, ta dama musu koko da yawan sukari. Yau mai kura ya kawo ƙasar, Baffa ya tare shi a ƙofa. Wai ba za a ƙara shigo da laka gidan nan ba, tana toshe magudana. Bai ɗaga murya ba. Har sannu ya yi wa mai kurar.

Inna ta ce mu ba ruwanmu, Babana yana hanyar Tamale da mota, gida a hannun ƙaninsa yake.

Na leƙa bayan ɗakin, ɗan tsukin da ke tsakaninsa da katanga. Bangon ya tsage tun daga ƙarƙashin kwano, hannuna yana shiga.

Talata, 13 Mayu

Azumi ya kama. Na raka Mma Awabu inji da bokitin gero. A hanya ta ce Ishawu ya gaya mata ni na karanta masa dokar. Sai kuma ta yi dariya.

"'Yar boko, ai don ki karanta aka kai ki makaranta. Riƙe bokitin da kyau, kina zubar mini da gero."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tambaye ta inda za ta in ɗakin ya faɗi. Ta ce mutanenta na Bawku duk ƙasa ta rufe su, sai dai ta koma gindin teburin kokonta.

Asabar, 17 Mayu

Kusa da inji ana haƙa harsashin wani gida, jar ƙasa tuli. Na tafi da bokiti biyu, na dawo da biyu, duka a rufe. Ɗaya ƙullu ne.

Baffa yana zaune a ƙofa da takardunsa. Namiji ba ya buɗe murfin abincin mace, ko da gidansa ne. Har matsa mini ya yi in wuce, ya ce sannu da aiki, lauya.

Da azumi a bakina. Ban yi ƙarya da baki ba, amma ban san ko ana lissafa wannan ba, kuma ba zan iya tambayar malam ba.

Tsukin ba ya ɗaukar kowa sai ni. Mma Awabu ta zauna a bakinsa kamar tana tsince wake, tana gaya mini a hankali: jiƙa tsagar tukuna, cusa da yatsa, kar ki shafa kamar mai. Ta ce hannun biro ne da ni.

Alhamis, 29 Mayu

Ruwa tun azahar, kamar da bakin ƙwarya. Babbar gota, magudanar unguwa, ta cika ta kwashe teburan masu kifi. A makaranta ban ji ko kalma ɗaya ta darasin tarihi ba. Da gudu na dawo, takalma a hannu.

Ɗakin yana tsaye.

Amma baranda ta jiƙe sharkaf. Na tarar da matar Baffa tana matse tabarmin yaran, ƙaramar, Fatimata, tana tari. Mma Awabu ce ta kwashe su ta kai ɗakinta. Baffa ya tsaya a ruwa yana kallo.

Ko ta ina na juya akwai wanda na cuta.

Talata, 10 Yuni

Jiya Sallah. Na je gaishe da Baffa, ya riƙe hannuna ya juya shi. Lallen Sallah bai rufe jar ƙasar da ke faratana ba, ga kaushi a tafin. Ya ce lallen bana ya yi ja sosai. Sannan ya tambaya, cikin darussan nan akwai inda aka ce mai ƙasa yana iya hana gyara?

Na ce na duba, ban gani ba. Nan ya kamata in tsaya.

"Ni na yaɓe shi, Baffa."

Ban san ko da ƙarfi na faɗa ba. Inna ta ce har tsakar gida an ji. Ina ganin ban sunkuyar da kai ba, amma wataƙila mantawa na yi.

Ya saki hannuna. Yau bayan la'asar bai kira ni karatu ba, na gan shi shi kaɗai yana bin layin rubutu da yatsa. Fatimata har yanzu a ɗakin Mma Awabu take kwana, bai hana ba.

Kaka, goron da ka karɓa ne nake bi, ban sani ba ko haka kake nufi. Bangon gabas ma ya fara tsagewa. In ba ka yi fushi da wannan ba, ka bar ni in sake ɗaukar biro ranar da na gama yaɓe shi.