Koren Hasken da Ya Shiga Idonki

Zuwa ga Radostina, sanyin raina, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, wadda na zaɓa kuma ban fasa ba.

Tun da kika bar birnin Sofiya, ɗakin bincikenmu ya koma kabari mai injuna. Siraran bututun kabon ɗinki, sinadarin nan na gawayi, suna nan cikin kwalba, baƙaƙe ƙirin kamar kunkunniya, babu mai taɓa su. Ina za a samo hannu irin naki?

Kin tuna ranar da kika fara koya mini aikin? Kika haska musu koren hasken leza, siririn hasken nan mai ƙarfi da ke iya ƙona abu, kika nuna mini cewa kusan dukkansa yana dawowa yadda ya tafi. Ɗan ƙanƙani ne ke dawowa da sabon launi, shi ke faɗa mana kaurin bututun da yadda yake buɗewa yana tsukewa kamar mai numfashi. Na ƙara wuta, kika buge mini hannu: "Momcil, kai ɗan kimiyya ne ko mai gasa nama? Rage, za ka ƙone mini shi." A ranar na kamu da sonki, har yau ban warke ba.

Kowa ya san farantin bakin ƙofa, inda muke ajiye agogo da duk wani abu mai ƙyalli kafin mu shiga. Ranar da tsautsayin ya faru, kika wuce shi da zoben baikonmu a yatsanki kina dariya: "Jiya ka sa mini, yau in cire?" Tabarau na kariya kuwa yana goshinki, kamar na kowannenmu, don in an sa shi ba a ganin ɗigon hasken da ake saitawa. Hasken ya daki zoben, ya faɗa idonki na dama. Likita ya ce tsakiyar ganin ya tafi ke nan.

Yanzu kina gidan mahaifiyarki a garin Troyan, kin aiko cewa a fasa biki, ba kya son auren tausayi. Tausayi, Radostina? Wa ke tausayin wa? Ni da ko koren ganyen bishiya na gani sai gabana ya faɗi? Ina sonki, kuma ina jin haushinki, da kika yanke mana hukunci ke kaɗai.

Ranar Asabar zan hau motar Troyan. Zan tsaya ta hagunki, don kada ki ce ba ki gan ni ba. In kin kore ni zan dawo wata Asabar. In kin bar ni, a gefen nan zan tsaya har a binne ni.

Naki har ƙarshen numfashi,
Momcil